Hoton Bakin Rijiya

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Yau aka raba kayan Kawu Usman. Ni aka ba kyamarar, don ba wanda ke son ta. 'Ya'yansa sun ce me za su yi da ƙarfen da ba ya kama rezo kamar waya. Zenit ce, baƙa, irin ta zamanin Rasha, tana da nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Gidanta na fata ne, har yanzu yana warin turarensa. Da ita ya ɗauki rabin mutanen Dogon Dutsi, hoton katin ɗan ƙasa, hoton aure, hoton 'yan lakkol masu zuwa karatun boko, kafin waya ta kashe masa sana'a.

Cikin gidan fatar na tarar da 'yar takarda da rubutunsa: rana tsaka, 125 da 16. Inuwa, 60 da 4. Ban gane ba tukuna.

Matata Marwa ta ce, "Baban Firdausi, mutane na gadon gona, kai ka gado aiki." Na yi dariya. Shekara goma sha shida ina yi wa shanu allura a serbis ɗin dabbobi, ban taɓa samun abin da nake yi don kaina ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ƙanwata Karima ta aiko da fim uku daga Yamai, baƙi da fari, kowanne na ɗaukar hoto talatin da shida. Ta ce sai da ta zaga shago biyar.

Na kira Baba Ma'azu na Tibiri, abokin Kawu, shi ma tsohon mai hoto. Shi kaɗai ya rage duk yankin nan da ke da maganin wanke fim. Ta waya ya koya mini sakawa. Abin da ya fi nanatawa: idon kyamarar yana da zobe biyu. Ka buɗe shi duka ka daidaita nisa, sannan ka murɗa ɗayan zoben ka tsuke idon kafin ka danna. In ka manta, haske zai cinye hoton. "Kuma kada ka kuskura ka buɗe bayanta da fim a ciki, ɗan Usman. In rana ta gan shi, shi ke nan."

Ba batir. Komai da hannu. Ana jan wani ɗan kunne da babban yatsa, a danna, ta ce ƙwas, da ƙarfi har kaza ta firgita.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na ɗauki 'ya'yana Firdausi da Sahura a gindin bishiyar dogon yaro. Suka rugo, "Baba nuna mana!" Suka juya kyamarar, suka ga baƙin ƙarfe kawai. Sahura ta yi kuka, wai na cinye mata hoto. Shekararta huɗu.

Ni ma dai abin yana damuna. Ka ɗauka, ba ka san me ka ɗauka ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Aikin allura a wata rijiya gaba da Kiéché, cikin fadama. Zafi ba a magana. Garken Is'haƙa ne, sa da saniya sun fi tamanin. Is'haƙa mutumina ne tun ina sabon ma'aikaci, shi ya koya mini kama maraƙi ba tare da uwar ta soke ni ba. Matarsa Sa'a ta kawo mana fura da nono daga ruga.

Da ya ga kyamarar sai ya ce dole in ɗauke shi da jar saniyarsa mai dogon ƙaho. Ya gyara malafa, ya ɗora sanda a kafaɗa, ya ɗaure fuska kamar za a yi masa kati. Na danna, sai na tuna ban tsuke idon ba. Na ce ya tsaya. Na tsuke, na sake. Hoto na sha takwas da na sha tara ke nan.

Can bayansa akwai gawo, da babura biyu a ƙarƙashi, da mutum uku zaune. Da idon ya tsuke madubin leƙawa ya yi duhu, ban ga fuskokinsu ba, hankalina ma yana kan ƙahon saniya. Amma da ta ce ƙwas karo na biyu, ɗaya daga cikinsu ya miƙe tsaye. Ya daɗe a tsaye.

Na tambayi Is'haƙa su wa ne. Ya ce, "Baƙi. Tun jiya suke zagayawa. Ba su sha ruwa ba, ba su yi sallama ba." Sai ya ce in kawo masa hoton kafin su tashi da damina.

Asabar, 3 ga Mayu

Jiya da hantsi aka kora garken Is'haƙa daga makiyaya. Mutum shida bisa babura, da bindigogi. Sun tafi da shi Is'haƙan ma. Innalillahi.

Abokin aikina Khalid ne ya faɗa mini a buro, ofishinmu. Ban iya cin abincin rana ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Shiru. Ba su kira kowa ba, ba su nemi komai ba. An ce wannan ya fi muni.

Laraba, 7 ga Mayu

Alhaji Zaidu ya zo buro. Dillalin shanu, wanda ke da babbar rumfa a kara, kasuwar dabbobi. Shekara nawa ina sa hannu a takardun dabbobinsa, bai taɓa takowa da ƙafarsa ba, kullum aike yake. Ya zauna, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da sunan Sahura. Ban san ya san sunanta ba.

Ya yi jajen Is'haƙa. Ya ce mutumin kirki. Daga nan ya ce ya ji ina da kyamarar marigayi, a nuna masa. Tana cikin jakata, na fiddo. Ya jujjuya ta.

"Ina hotunan, Likita? Mu gani."

Na ce ba a gani sai an wanke.

"To a goge fa? In mutum bai so hotonsa ba?"

Na ce ba a gogewa.

Ya daɗe yana kallon ɗan tagar da ke nuna lamba. Tana kan ashirin da uku. Ya ce, "Ikon Allah. Kayan mutanen da." Ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

Wa ya gaya masa ina da ita? Kowa ya sani ai, ina yawo da ita. Kada in ɗora wa bawan Allah abin da ban gani ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na dawo daga masallaci na tarar da mai babur a inuwar katangar maƙwabcinmu. Ba ɗan kabu-kabu ba ne, na san na unguwar duka. Ya rufe fuska da rawani. Marwa ta ce tun sha ɗaya yake nan, bai ɗauki kowa ba. Da la'asar ya tafi.

Wataƙila wani yake jira.

Lahadi, 11 ga Mayu

Alhaji Zaidu har gida, bayan azahar. Ya kawo wa yara dabino da lemo. Muka zauna a zaure. Ya fiddo sabuwar waya cikin kwalinta, ya ce mu yi musaya da kyamarar, wai ɗansa da ke karatu a Yamai yana son tsofaffin kaya. Na ce gado ce, ba ta rabuwa.

"To fim ɗin da ke ciki fa? Shi ma gado ne?"

Yana dariya ya faɗa. Bakina ya riga tunanina, na ce ai wancan na cire na aika wa ƙanwata Yamai ta wanko. Ƙarya. Yana nan ciki, a rataye bayan ƙofar ɗaki, taku goma daga inda yake zaune.

Ya ce, "Madalla. In sun zo ina son in fara gani, kafin kowa. Ka san hali, Likita, lokaci ya lalace. Hoto yana jawo wa mutum abin da bai nema ba." Da zai fita ya shafa kan Firdausi, ya tambaye ta wace lakkol take, ƙarfe nawa ake tashi. Ta faɗa masa. Yarinya ce, me ta sani.

Na zubar da lemon. Marwa tana kallona.

Litinin, 12 ga Mayu

Karima ta kira da safe. Wani ya buga mata waya, lambar da ba ta sani ba, yana tambaya ko saƙon yayanta Hashim daga Dutsi ya iso. Ta ce wane saƙo? Ya kashe.

Yanzu ya san ƙarya na yi. Kuma ni na sa sunanta a ciki.

Talata, 13 ga Mayu

Ban je aiki ba. Na naɗe fim ɗin baya, ban ƙarasa sauran sha ukun ba. Kafin in naɗe na fita tsakar gida da rana tsaka, na sa farce a makullin bayanta. Ɗagawa ɗaya zan yi, rana ta gama aikin. Ba hoto, ba magana. In kai wa Alhaji baƙin fim in ce ga shi, na lalata da rashin sani.

Na fi minti goma a tsaye, ƙarfen har ya fara ƙona mini hannu. Abin da ya hana ni ba jarunta ba ce. Is'haƙa ne da malafarsa. Ba shi da wani hoto a duniya, ko na kati ya ce ya ɓace tun tuni. Sannan akwai na yaran.

Ko ma dai babu komai a ciki. Gawon yana da nisa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Tibiri. Na ce wa shugaban serbis zan duba wasu awaki marasa lafiya. Na sa fim ɗin cikin kwalin maganin tsutsa. Shinge biyu na jami'an tsaro a hanya, ba wanda ya buɗe. Duk tafiyar ina waiwaye, ban ga kowa ba sai amalanke.

Baba Ma'azu ya tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya yi fari. Ɗakin wankinsa wani ɗan lungu ne bayan shagon jikarsa mai ɗinki. Muka toshe taga da bargo da tabarma, muka cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa. Sha ɗaya na safe amma ko hannuna ba na gani. Zufa kamar an zuba mini ruwa. Ya ce maganin ba ya son zafi, sai da aka sayo ƙanƙara aka sanyaya ruwan. Ina jin motsin hannunsa cikin duhu, yana naɗa fim a cikin gwangwanin wanki, yana ƙirga da baki, yana kaɗawa. Warin maganin kamar tsami da gishiri.

Da ya rataye shi ya bushe, sai ya ce fim in an wanke shi haka, da Faransanci sunansa kilishe. Na ce kilishi? Ya ce, "Wanda ba a ci." Dariyar ƙarshe da muka yi ke nan yau.

Ya bi su ɗaya ɗaya da ɗan gilashi. Yaran sun fito. Dutsen bayan gari ya fito. Na sha takwas baƙi ƙirin, haske ya cinye shi, kamar yadda ya gargaɗe ni. A kan na sha tara ya tsaya. Ya ce, "Wannan ka tsuke ido da kyau. Komai ya fito, daga kusa har nesa." Bai faɗe shi kamar yabo ba.

Ya kunna jar fitila, ya sa shi a injin bugawa. Takardar tsohuwa ce, hoton ya riƙa tasowa a hankali cikin ruwan magani. Ƙaho ya fara fitowa. Malafa. Idanun Is'haƙa. Sai gawon. Ya ɗaga kan injin ya ƙara girman wajen, ya sake bugawa.

Mutum biyu da rawani, ɗaya da bakin bindiga ya leƙo daga cikin bargon da aka ɗaure a babur. Na ukun da ya miƙe tsaye, farar riga, hula zanna, yana kallon kyamara kai tsaye. Hannunsa ɗaya a ɗage, yana nuna garken. Ko ɗan shekara biyar a Dutsi zai faɗi sunansa.

Na zauna a ƙasa. Baba Ma'azu ya ce, "Ka san shi?" Na ce e. Ya ce, "Ni ma. Ni na ɗauki hoton fasfonsa na Makka."

Na roƙe shi ya buga mini na Is'haƙa shi kaɗai da saniyar, a yanke gawon. Ya buga. Na ce sauran biyun a ƙone. Ya ce shekara hamsin yana wannan aiki bai taɓa ƙona hoto ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Ya sa su ƙarƙashin ledar tebur. "Suna nan. Ban ce ka zo ka ɗauka ba, ban ce kada ka zo ba."

Na dawo da kilishen a aljihu.

Asabar, 17 ga Mayu

Mun je sunan ɗan Khalid da safe, mu duka. Mun dawo kafin azahar. Kwaɗon ƙofa yana nan yadda na bar shi, amma an shiga ta katanga. An zazzage akwatuna, an farke katifa, an zubar da littattafan Firdausi. Rediyo yana nan, 'yan kunnen Marwa suna nan. Kyamarar tana bisa gado, bayanta a buɗe. Kusa da ita an ajiye takalmin Sahura, ƙafa ɗaya, an daidaita shi tsaf bisa matashi.

Kilishen yana jikina, shi ya sa.

Marwa ta kai yaran gidan maƙwabta ta dawo ta rufe ƙofa. Na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Is'haƙa yana da Allah. 'Ya'yana kai suke da shi. Ka kai wa Alhaji abinsa." Na ce in Is'haƙa yana da rai fa, wannan ce kaɗai hanyar da za a bi a same shi. Ta ce, "In ka kai wa jandarma da safe, kana da tabbacin labari ba zai riga ka dawowa gida ba? Wa ka sani a garin nan da bai taɓa cin naman Alhaji ba?"

Ni ma na ci.

Litinin, 19 ga Mayu

Na kai wa Alhaji kilishen, a rumfarsa. Na yanke na yaran na riƙe, na ba shi guntun da ke da sha takwas da sha tara. Ya ɗaga shi sama wajen rana, ya runtse ido. Ban tsammanin ya gane komai, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ya tambaya ko an buga a takarda. Na ce a'a. Ya tambaya wa ya wanke. Na ce ni da kaina, da littafin Kawu. Ya dube ni, ya dube ni.

Ya jefa shi cikin garwashin mai shayi. Ya lanƙwashe, ya yi wari.

"Kai mutum ne mai hankali, Likita. Ka gaida madam da yara."

Na ce za su ji. Har na ce na gode. Me na gode?

Laraba, 21 ga Mayu

Mai babur bai dawo ba. Marwa ta yi tuwo da miyar kuɓewa, yara sun yi wasa a waje. Na ci loma biyu na tashi.

Juma'a, 23 ga Mayu

Masu neman itace sun tsinci Is'haƙa a bakin wani kwari wajen iyaka. An ce ya fi mako biyu da rasuwa, da layar hannunsa aka gane shi. Watau tun kafin in je Tibiri. Watau ko na kai hoton ba zai tashe shi ba.

Na maimaita wa kaina wannan ya fi sau ɗari yau. Gaskiya ce kuma. Ban san me ya sa ba ta shiga ba.

Shanun ba labari. An ce sun ƙetare.

Talata, 27 ga Mayu

Na je gaisuwa ruga. Bukkoki uku suka rage, sauran dangi sun tashi. Ba saniya ko ɗaya, turaku kawai da busasshen kashi. Ban taɓa jin ruga shiru haka ba.

Sa'a tana zaune bisa tabarma da mayafin takaba, ƙanin mijinta yana gefe. Bayan addu'a na miƙa masa hoton, ya miƙa mata. Ta riƙe shi da hannu biyu. Ta shafa ƙahon saniyar da yatsa, ta kira sunanta da Fulatanci. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Na ɗauka shi ke nan, na fara neman takalmina.

Sai ta ce, "Likita, ina gawon?"

Na ce wane gawo.

"Bayansa akwai gawo. Ina tsaye da ƙwarya lokacin da ka ɗauka. Akwai mutum uku. Biyu na daji, ɗaya na gari, mai farar riga. Na gaya wa masu kaki, suka ce in kawo suna. Ina zan san sunan mutanen gari? Daga nesa na gan shi." Ta juya takardar ta duba bayanta, kamar gawon ya zagaya can. "Ƙarfen naka bai gan su ba?"

Na ce bai gani ba. Na ce tsoho ne, ba ya ganin nesa.

Ta gyaɗa kai. Ta ce Allah ya saka da alheri da na cika alkawari. Ta sa aka ba ni ƙwai huɗu a leda, wai ba ta da nonon da za ta ba baƙo.



Alhamis, 29 ga Mayu

Ƙwan suna nan a kwano. Na hana a soya, na hana a zubar.

Asabar, 31 ga Mayu

An kawo rago daga Alhaji Zaidu, na layya. Fari, babba, irin wanda ban taɓa yankawa ba. Ɗan aiken ya ce Alhaji ya ce na yara ne. Sahura ta riga ta raɗa masa suna.

Na duba bakinsa da kunnensa, aikina ya bi jiki. A kunnen hagu akwai tsaga biyu da huji. Na san wannan alama. Ni na yi wa tumakin rugar Is'haƙa allura a watan Janairu.

Ban faɗa wa Marwa ba. Na ce dai kada a saba da shi.

Jiya an kora wani garke wajen Matankari. Makiyayin ya tsira da harbi a cinya. A buro Khalid ya ce, "Wani na nuna musu, wallahi. Sun san garken da ya yi ƙiba, sun san ranar da maza suka tafi kasuwa." Na yi kamar ina neman wata takarda.

Litinin, 2 ga Yuni

Na ce wa Marwa su je su yi Salla wajen Karima a Yamai, yara ba su taɓa ganin kogi ba. Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Salla ce kawai?" Na ce Salla ce. Ta ce, "Kayan kwana nawa zan haɗa?" Na ce ta haɗa da littattafan Firdausi.

Ta shiga ɗaki. Na ji tana jan akwati da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Can ta leƙo ta ce in zan yi wauta in yi ta da wayo, kada in yi ta a garin nan.

Laraba, 4 ga Yuni

Sun tafi da motar safe. Na tsaya a tasha har ta ɓace wajen gangaren. Daga nan Tibiri, da hujjar awakin nan dai. Baba Ma'azu bai tambaye ni komai ba. Ya ɗaga ledar tebur, ya sa hotunan nan biyu a ambulan ya ba ni, ya ce shi ma jikarsa za ta kai shi Gaya ganin likitan ido, ƙila ya jima. A ƙofa ya ce, "Usman ma matsoraci ne, ka sani? Amma hannunsa ba ya rawa in zai danna."

Hadari ya haɗu a gabas, bai zubo ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Dosso, ɗauko allurar rigakafi. Aikin serbis ne, akwai takardar izini, kowa ya gani. Na gama da wuri, sai na biya da ambulan ɗin ta wani ofis da ke kusa da kotu. Na daɗe a ciki, sun ba ni ruwa, sun sa na rubuta sunana sau uku. Ba abin da zan rubuta a nan game da wannan.

Na iso Dutsi da la'asar. Na kwance ragon na kai gidan da ƙanin Is'haƙa ke sauka a bakin kara, na ce nasu ne, ya ɓata ya shigo gidana. Dole na bi ta gaban rumfar Alhaji da igiya a hannu, ba wata hanya. Akwai wata, amma ta yi zagaye. Yana zaune da mutanensa. Ya dubi ragon, ya dube ni. Ya ce, "Likita, ina zuwa haka?"

Na ce, "Mayar da kaya, Alhaji." Na wuce.

Gidan shiru. Na dafa ƙwan nan huɗu na ci a tsakar gida, ƙofa a buɗe, don zafi.